Rigar da aka ɗinka kafin a auna mai ita

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata da ke zaune a gaba, malamai, da ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na baya, in muryata ba ta isowa ku ɗaga hannu.

An nemi in yi magana a kan yadda mace ke kallon jikinta, da wahalar da mata ke sha a sana'ar tallan kayan ƙawa da harkar motsa jiki. Na san wata za ta ce a ranta, mu ina ruwanmu da matan Faris da Milan? Ku ɗan ba ni lokaci, zancen zai biyo hanya har ya iso kemis ɗin bakin layinku.

Duk wadda ke nan ta taɓa kai ɗinki. Kin miƙa wa tela atamfarki, ko ya auna ki da tef, ko ki haɗa masa da tsohuwar rigarki ya gwada da ita, sannan ya sa almakashi. In riga ta matse ki, laifin tela ne, ki mayar masa ya buɗa ta. A manyan gidajen ɗinki na Turai kuwa abin a juye yake. Ana ɗinka rigar da za a nuna tun ba a san wadda za ta sa ta ba, a kan awo guda ɗaya ɗan ƙarami, sannan a fita neman yarinyar da za ta shige ciki. Doguwa ake so, wajen santimita 175 zuwa sama, mazaunanta kuma kada su wuce inci 35 ko kusa da haka. 'Yar shekara 15 tana iya shiga wannan awo ba ta yi komai ba, don jikinta bai gama buɗewa ba. Bayan shekara uku ƙashin ƙugunta ya buɗe yadda Allah Ya tsara wa kowace mace, riga kuma tana nan yadda take. Ba mai taɓa rigar. Ita za a ce ta rage.

A watan Agustan 2006, a birnin Montebidiyo na ƙasar Uruguwai, wata mai tallan kaya, Luisel Ramos, 'yar shekara 22, ta sauko daga dandalin nuni ta yanke jiki ta faɗi. Zuciyarta ce ta tsaya, bayan ta daɗe tana hana kanta abinci. Wata shida bayan nan ƙanwarta Eliana, mai shekara 18, ita ma mai wannan sana'a, ta bi ta. Ku duba uwar da ta binne 'ya'ya biyu a wata shida. A tsakaninsu kuma, a watan Nuwamba, Ana Carolina Reston ta ƙasar Birazil ta rasu tana da shekara 21. Tsawonta mita 1.73, nauyinta kilo 40.

Akwai wani lissafi da muke yi a asibiti: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, amsar da ta fito a sake raba ta da tsawon. In amsar ta gaza 18.5, mun ce ya rame fiye da kima. Na Ana Carolina bai kai 14 ba. Da wannan lissafi birnin Madrid ya fara korar ramammun 'yan talla daga makon nunin kayansa a 2006, duk wadda ba ta kai 18 ba. Faransa ta yi doka a 2015, ta fara aiki a 2017: sai da takardar likita mace za ta yi sana'ar, hoton tallan da aka gyara surar jiki a cikinsa da kwamfuta kuma dole a rubuta cewa an gyara. Dokokin sun rage wani abu, ban musa ba. Amma muddin awon rigar bai canja ba, yarinyar da ke bin gidajen ɗinki tana neman a ɗauke ta ta san abin da ake so, ko ba a furta mata ba.

Yanzu mu shiga filin wasa, inda abin ya fi ba ni tsoro, domin a can yunwar tana zuwa ne da sunan lafiya. Mai tallan kaya in ta rame, kowa na gani. 'Yar tsere in ta rame, yabonta ake yi, a ce ta dage.

Mary Cain yarinya ce Ba'amurkiya da ta riƙa karya tarihin gudu tun tana sakandare. Ta shiga wata babbar ƙungiyar horo ta kamfanin Nike ƙarƙashin koci Alberto Salazar. A 2019 ta fito ta gaya wa jaridar New York Times cewa an yi ta matsa mata ta rage nauyi, ta ƙara ragewa, har al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwa biyar suka karye a jikinta. Ga yadda hakan ke faruwa, ƙannena, ku saurara da kyau. In abincin da ke shiga bai kai ƙarfin da ake ƙonawa ba, jiki yakan yi abin da uwargida ke yi in cefane ya gaza: ya duba abin da zai iya jira ya ajiye shi gefe. Abu na farko da yake ajiyewa shi ne shirin haihuwa. Ƙwaƙwalwa ta rage saƙon da take aika wa ƙwayayen haihuwa, sinadarin estirojin ya yi ƙasa, haila ta tsaya. Shi kuma wannan sinadari shi ke tsare ƙashin mace. Mafi yawan ƙarfin ƙashi ana tara shi ne daga balaga zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, wadda ta rasa wannan lokaci da wuya ta cike giɓin gaba ɗaya. A 2014 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya fitar da bayani na musamman a kan wannan cuta. Har yau akwai masu horarwa da ke gaya wa yara mata cewa ɗaukewar al'ada alamar atisaye ya karɓe su ce. Ƙarya ne, jiki ne ke kuka.

Hotunan nan kuma da kuke gani a waya, na mace da ciki a shafe kamar faranti, ku san yadda ake yin su. Masu gasar nuna ƙirar jiki sukan yi makonni suna ƙuntata abinci, dab da ranar su rage shan ruwa don fata ta manne da tsoka. Jikin kwana ɗaya ne ko biyu. Ranar za a ɗauki hotuna masu yawa, a zaɓi haske, a riƙe numfashi, a karkata ƙugu, sannan a riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya har tsawon watanni. Ita kanta mai hoton, in ta tashi da safe ta dubi madubi, ba wannan jikin take gani ba. Ke kuma kina kwance a ɗaki bayan kin ci tuwon dare kina auna kanki da shi. Kamfanin Facebook, mai Instagram, ya san wannan. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyarsa, Frances Haugen, ta fitar da takardun bincikensu na cikin gida, inda kashi 32 cikin ɗari na 'yan matan da aka tambaya suka ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi.

Kada kuma mu ce al'adarmu za ta kare mu. Mutanen tsibirin Fiji, kamar mu, cikar jiki suke yabo. Talabijin ya isa wani yankinsu a 1995. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan makaranta a lokacin, ba ta sami ko ɗaya mai jawo amai don ta rame ba. Da ta koma a 1998, kusan 11 cikin ɗari suna yi. Shekara uku kacal.

To mu dawo gida. Mu tamu rigar daban ce, amma ita ma an ɗinka ta kafin a auna mu. Amarya ta yi wata uku a ɗaki, in ta zo gida ba ta murje ba, gwaggo za ta ja ta gefe: "Ke, lafiya? Ko ba ya ba ki abinci ne?" Siririyar budurwa a ce mata sillen kara. Yanzu ma abin ya haɗe mana biyu, ga na gida ga na waya: ana son ciki a ɗame, ƙirji da mazaunai a cike, fata kuma fara. Mace nawa Allah Ya halitta haka? Daga nan kasuwa ta buɗe. Ga bel ɗin ɗaure ciki, ga ciko, ga man bilicin, ga shayin rage tumbi, wanda da yawansa ganyen filasko ne a ciki, zawo kawai yake sa ki, ruwan jikinki ya zube, kitse na nan inda yake. Ga kuma wanda ya fi damuna, sha-ka-fashe.

Akwai yarinyar da aka kawo mana saura mako uku bikinta. Mahaifiyarta ce ta riƙo ta, tana cewa ƙafafunta sun kumbura, ba ta barci, ƙishirwa ba dare ba rana. Ina ɗaga ido na ga fuskar ta yi zagaye kamar wata, wuya ya cika ta baya, amma hannuwa da ƙafafu sirara. Na ɗaga rigarta, ga nankarwa jajaye masu faɗi a gefen cikin yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba. Na sa uwar ta ɗan ba mu wuri. Sai ta buɗe jaka ta ciro 'yan ƙwayoyi farare ƙanana a ƙulle a leda, babu kwali babu suna. Wata ƙawarta ce ta ba ta, don dangin ango sun ce amaryar ba ta da jiki. Da muka auna sukarinta ya hau sosai. Ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, don Allah kada Umma ta sani." Ban manta da wannan riƙon ba.

Galibin waɗannan ƙwayoyi dezametason ne, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don kumburi da asma da makamantansu, na ɗan lokaci. Abin da yake tarawa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, yana kuma cinye tsoka, ya jawo ciwon suga da hawan jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Garin neman ƙiba a samo rama, an faɗa tun kafin a haife mu. Wani lokaci ana haɗa shi da maganin buɗe ciki irin su Apetamin, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023, saboda yana sa maye da barci, yana kuma iya taɓa hanta. Ku lura, ƙashin Mary Cain da ƙashin wannan amarya hanya ɗaya suka kama, ɗaya don a ce ta rame, ɗaya don a ce ta cika.

Ga mace Musulma kuma akwai ƙarin kaya, wato sutura. Halima Aden an haife ta a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, ta tashi a Amurka, ta yi suna a matsayin mai tallan kaya da hijabi. Tun farko ta sa sharaɗi a kwantiraginta cewa ba za ta cire shi ba, ba a kuma cire mata ba. Sai dai a hankali aka yi ta rage shi, ana canja masa fasali, har ranar da aka ɗora mata wandon jins a ka a madadinsa. A Nuwamban 2020 ta ajiye aikin tana kan ganiyarta. Nan gida, da Shatu Garko 'yar Kano ta ci gasar sarauniyar kyau ta Najeriya a Disambar 2021 da kanta a rufe, kun ji yadda gari ya ɗauka. Kowa da ra'ayinsa a kan gasar, ni ma ina da nawa. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda dubban mutane suka yi ta yanka jikin yarinya 'yar shekara 18 da baki a intanet, masu yabo da masu zagi. A filin wasa ma haka ne: a 2021 an ci tarar 'yan ƙwallon hannu mata na Norwe yuro 1,500 don sun ƙi sa ɗan kamfai sun sa gajeren wando, Faransa kuma ta hana 'yan wasanta sa hijabi a Olamfik na 2024.

Kada wata ta tashi daga nan ta ce na hana motsa jiki. Roƙonku nake ku yi. Kakanninmu sun yi daka da surfe da niƙa, sun ɗebo ruwa, sun je unguwa a ƙafa. Mu injin niƙa da adaidaita sahu sun ɗauke mana, hawan jini da suga suka maye gurbin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiya mai ɗan sauri ma ta isa. Na san matsalar: ki fito da takalmin gudu, majalisar ƙofar gida ta bi ki da ido. Shi ya sa nake kira ga shugabannin wannan makaranta su ware wa mata fili da lokaci nasu, da mace mai horarwa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi. Bayan wani lokaci, da ta yi jiki, suka sake, ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Ita da bakinta ta ambaci jikin da ta yi, kuma bai hana a sake kiranta tsere ba.

Abu biyu kafin a buɗe tambayoyi. Wadda ke atisaye ko rage cin abinci, al'adarta ta ɗauke wata uku ba ciki gare ta ba, ta je asibiti, ta kuma faɗi gaskiyar abin da take ci. Wadda kuma ke shan ƙwayoyin nan, na san akwai a ɗakin nan, kada ki watsar da su yau da dare don kin tsorata. In an daɗe ana sha, jiki yakan daina yin nasa sinadarin, tsayarwa farat ɗaya na iya sa jini ya faɗi har a rasa rai. A hankali ake janye shi, a hannun likita. Ki ɗauki ledar yadda take ki tafi da ita. Ina nan bakin ƙofa bayan an tashi, wadda ba ta son tambaya a gaban jama'a ta same ni a can.