Cacar takunkumi: masu jiran sa hannun shugabanni

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina da ke nan gaba, iyayenmu mata, ɗalibai, ina gaishe ku. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan takunkumin karya tattalin arziki, amma ni ta ƙofar baya zan shigo. Kwanaki wani ɗalibina ya miƙo min wayarsa, ya ce, “Malam, duba ka gani.” Na gyara tabarau, sai ga tambaya a wani shafi: shin Amurka za ta ƙaƙaba wa Rasha sabon takunkumi kafin ƙarshen wata? A ƙarƙashinta maɓalli biyu, na “E” da na “A'a”, kowanne da farashinsa kamar tumatir a faranti.

Kasuwar hasashe ake ce wa abin. Manyan shafukan su ne Polymarket, wanda aka buɗe a 2020 kuma da kuɗin kirifto ake hulɗa a cikinsa, da Kalshi, mai lasisin hukumomin Amurka. Ga yadda ake yi. Kowane hannun jari dala ɗaya yake biya idan abin ya faru, idan bai faru ba ka tashi a tutar babu. A ce ana sayar da “E” a kan senti 30. Ka zuba dala 30, ka sayi guda ɗari. In an sa takunkumin, ka kwashi dala 100. In ba a sa ba, wanda ya riƙe “A'a” ya tafi da kuɗinka. Shi ya sa masu abin ke cewa senti 30 ɗin nan na nufin yiwuwar ta kai kashi 30 cikin ɗari.

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa mai sharhi a rediyo in ya yi kuskure ba ya asarar ko sisi, amma wanda ya sa kuɗinsa dole ya auna bakinsa. Tun 1988 Jami'ar Iowa ke gwada wannan a kan zaɓen Amurka. A 2003 ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta so buɗe irin wannan kasuwa a kan al'amuran Gabas ta Tsakiya, sanatoci suka yi ca a kanta, suka ce caca ce a kan ta'addanci, aka binne shirin tun bai fara tafiya ba.

Amma zaɓe daban, takunkumi daban. A zaɓe miliyoyin mutane ke jefa ƙuri'a, ba mai iya riƙe sakamakon a aljihu. Takunkumi kuwa mutane ƙalilan ke yanke shi a ɗaki, ƙofa a rufe.

Mu ɗauki Iran. Yarjejeniyar nukiliya ta 2015 ta zo da wani tarko: idan ɗaya daga cikin ƙasashen da ke cikinta ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, tsoffin takunkumai za su dawo da kansu bayan kwana 30, sai dai in an zartar da ƙudurin hana su. Rasha da Sin ba su da damar hawa kujerar naƙi su tare. Birtaniya da Faransa da Jamus suka ɗana tarkon ranar 28 ga Agusta 2025, ƙarshen Satumba takunkuman suka dawo. Wannan kam duk wanda ya zauna ya karanta ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2231, wanda ya amince da yarjejeniyar, yana iya lissafinsa da yatsu.

Na Rasha fa? Nan ake yin ta. A tsakiyar Yulin 2025 Shugaba Trump ya ba Putin wa'adin kwana 50 ya dakatar da yaƙin Ukraine ko ya fuskanci sabon takunkumi. Kafin wata ya ƙare ya rage shi, ya koma 8 ga Agusta. Duk wanda ya sayi “E” yana ta murza hannu. Ranar ta zo ta wuce, maimakon takunkumi sai ga shugabannin biyu suna musabaha a Alaska ranar 15 ga wata. Wadda ta sha bulalar ita ce Indiya, da aka ƙara wa kayanta harajin kashi 25 cikin ɗari saboda sayen man Rasha. Yanzu ku ba ni amsa: wannan takunkumi ne a kan Rasha ko kuwa? Kun ga, zaure ya rabu biyu. (Dariya.) Haka masu cacar ke rabuwa, kuma ba hankalinka ne alƙali ba, 'yan layukan sharaɗin da aka rubuta a ƙasan tambayar su ne alƙali, waɗanda yawanci ba a karantawa. A Polymarket an taɓa tafka rigima ta miliyoyin daloli a kan ko rigar da shugaban Ukraine Zelensky ya sa sunanta kwat. Kwat fa! To ina ga kalmar takunkumi? Sai ranar 22 ga Oktoba, bayan da yawa sun cire rai, ma'aikatar kuɗin Amurka ta sa Rosneft da Lukoil, manyan kamfanonin man Rasha, a baƙin littafi, washegari farashin ɗanyen mai ya yi tsalle.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Takardar takunkumin nan, kafin duniya ta ji, akwai wanda ya rubuta ta, akwai wanda ya buga ta, akwai wanda ya kai ta tebur. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kai da ke zaune a Kano da wayarka kana karanta kanun labarai, ba ka san wa ke ɗaya gefen cinikin ba, domin da yawansu ba suna, sai lambar asusu. Cinikin biri a sama ke nan. Hukuncinsa a addini kuwa na bar wa malamai, ko da yake ban ga yadda sauya wa caca suna zai mai da ita kasuwanci ba.

Mu nan mun san takunkumi a jikinmu. Sojoji sun kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan nan ECOWAS ta zauna a Abuja ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari, kayan gwari na ruɓewa a rana, buhun shinkafa ya tashi a Yamai. Har 24 ga Fabrairun 2024 kafin a ɗage. A cikin kwana huɗun nan, ɗan kasuwar da ya sansano iska ya yi maza ya tsallakar da kayansa Ƙonni ko Maraɗi, shi ma hasashe ya yi, na yarda. Sai dai shi in hasashensa ya kuskure, buhunsa na nan a shago, ko banza iyalinsa sa ci. Ɓoye kaya don a ƙuntata wa talaka kuma wata lacca ce daban.

Ɗalibin nan nawa ya ce, “To Malam, in goge shafin?” Na ce a'a, ni ma nakan leƙa in ga inda farashin ya karkata, kamar yadda nake tambayar 'yan canji a Wapa nawa dala take yau. In na ga “E” ya yi tsalle da tsakar dare alhali ba wani labari, sai in kunna rediyo da asuba.

Shugaban zama yana nuna min agogo. Baba, na ga hannunka tun ɗazu, a miƙa masa abin magana.