Tsohuwar Lada Niva Mai Lafiyayyen Jiki: Yadda Ake Gane Ta Kafin a Biya Kuɗi

Masu kallo, motar da za mu yi bayani a kanta ita ce Lada Niva, ƙaramar jif mai ja da ƙafa huɗu wadda kamfanin AvtoVAZ ya fara ƙerawa a shekarar 1977 a birnin Togliatti da ke bakin kogin Volga, a zamanin Tarayyar Sobiyet. An ƙera ta da yawa, an kuma sayar da ita a ƙasashe masu yawa, amma duk wanda ya fita neman samfurin farko wanda jikinsa bai ruɓe ba, ba a kuma sauya masa kamanni ba, zai daɗe yana nema.

Dalilin ƙarancin nata shi ne arharta. Motar tsada takan samu gareji da mai kula da ita tun ranar da aka saye ta, ita kuwa motar arha manoma da ma'aikatan gandun daji da mazauna tsaunuka ne suke saye, su ɗora mata kaya, su ratsa laka da ƙanƙara da ita, har ranar da kuɗin gyara ya fi darajarta a yar da ita. Haka ya faru da Suzuki SJ410 da ta fito a 1981, da Fiat Panda 4x4 ta 1983 wadda kamfanin Steyr-Puch na Ostiriya ya haɗa mata tsarin ja da ƙafa huɗu. Kaɗan ɗin da suka tsira galibi suna hannun mutum ɗaya ne da ya saya sabuwa, ya yi amfani da ita a hankali, ya ajiye ta a inuwa, shi ya sa ba a cika samunsu a wajen dillalai ba. An fi jin labarinsu daga bakin tsofaffin bakanikai, ko ƙungiyoyin masu sha'awar irin motar, ko magadan da suka buɗe gareji suka tarar da ita a lulluɓe.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar da wace Niva ce ake kallo. Samfurin farko, wanda ake kira VAZ-2121, yana da inji mai lita 1.6, fitilunsa na baya a kwance suke, kuma ƙofar baya ba ta sauko har kan bamba ba. Daga wajen 1994 ne aka koma inji mai lita 1.7, aka miƙe fitilun baya a tsaye, aka tsawaita ƙofar. Tayar safaya tana cikin bonet tare da inji, kuma a gefen direba akwai sandunan giya uku: ta sauya giya, ta ƙaramar giya don hawan tudu da fita daga laka, da ta kulle abin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Sai a duba lambar shasi da ke jikin motar, a gwada ta da wadda ke cikin takardu harafi bayan harafi. Idan suka saɓa, maganar ciniki ta ƙare a nan, komai kyan motar.

Abin da ya fi cancantar ɓata lokaci a kansa shi ne tsatsa, kuma a nan Niva ta bambanta da yawancin jif na zamaninta. Suzuki SJ tana da shasi dabam wanda aka ɗora jiki a kansa, don haka ko jikin ya lalace ana iya ɗaga shi a gyara. Niva kuwa jikinta shi ne shasinta, ma'ana inji da giya da ƙafafu duk a jikin ƙarfen bodi aka ɗaure su, saboda haka tsatsar da ta ci ƙasan motar ta ci ƙarfinta ne gaba ɗaya. Wajibi ne a shiga ƙarƙashinta da tocila, a ƙwanƙwasa dogayen ƙarafan da ke ƙasan ƙofofi, a ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashin ƙafar direba a ga ko ruwa ya taɓa kwanciya, a duba bakin tayoyi da gindin gilashin gaba. Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne inda aka ɗaure akwatin sitiyari a ƙarfen gaba, domin an san wurin da tsagewa, kuma tsagewa a nan magana ce ta rai. Ƙaramin maganaɗisu yana taimakawa sosai: inda ya ƙi kamawa a jikin motar, akwai alamar an cike rami da kwaɓin masu gyaran bodi an shafe da fenti.

A ganina, sabon fenti mai sheƙi a kan motar da ta haura shekara 40 ya fi dusasshen fenti tayar da hankali. Dusasshen fenti na asali yana nuna duk abin da ya taɓa samun motar, sabo kuwa yana iya rufe walda da faci. Haka nan baƙin kwalta da aka shafa wa ƙasan mota kwanan nan, ya kamata a tambayi dalilinsa.

Kada a dogara da agogon kilomita. A tsofaffin motoci irin wannan lambobi biyar ne kawai, da zarar ya kai 99,999 sai ya koma sifiri, don haka motar da ke nuna 30,000 tana iya zama ta yi 130,000. Robar da ke kan birki da kuloci, da santsin sitiyari, da lotsawar kujerar direba, sun fi agogon faɗin gaskiya, kuma tsofaffin rasidan gyara masu kwanan wata sun fi su duka.

Motar da ta daɗe a ajiye tana da nata ciwon, ko da ba ta yi tafiya ba. Fetur yakan tsufa ya zama danƙo ya toshe kafireto, man birki yana tsotsar danshi ya sa tsatsa a cikin bututu, robobi kuma su bushe su tsattsage. Shi ya sa bai dace a sa batir a murɗa makulli nan take ba. A fara duba baƙin mai, a juya injin da hannu a tabbatar bai cije ba, sannan a ba shi sabon fetur. Idan aka ga wani abu fari-fari mai kauri a ƙarƙashin murfin baƙin mai, yana iya nufin ruwan lagireto yana haɗuwa da mai. Hayaƙi mai shuɗi daga salansa kuma alama ce ta injin yana ƙona mai. Su ma tayoyi suna da shekaru a rubuce a gefensu: lambobi huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekarar da aka yi su, idan kuwa uku ne, an yi su kafin shekarar 2000, ba a hau titi da su ba ko da zanensu bai goge ba.

Idan motar tana tashi, a nemi a tayar da ita injin yana da sanyi, a kuma gwada dukkan sandunan ukun. Niva kullum tana ja da ƙafa huɗu ne, don haka ƙugi da ɗan karkarwa daga ƙasa halinta ne, amma ƙara mai kama da bugun guduma ko giyar da ke fita da kanta alamar gyara ce. Sandar kullewa a kan ƙasa ko yashi ake gwada ta, domin tafiya da ita a kulle a kan kwalta tana wahalar da giya da aksul.

Wajen ciniki, abin da ke ba mai saye kwanciyar hankali shi ne har yanzu ana ƙera Niva, don haka kayan inji da birki da ƙafafu ba su da wuyar samu. Abin da ke da wuya shi ne kayan samfurin farko, irin su allon gaban direba, da kujeru, da fitilun baya, da ƙananan tambura. Saboda haka Niva mai lafiyayyen jiki da cikakkun kayan ciki wadda injinta ya gaji ta fi wadda injinta ke aiki lafiya amma ƙasanta ya huje, domin inji bakanike zai sauke ya gyara, ruɓaɓɓen jiki kuwa sai mai walda ya yanke ya sake ginawa. A lissafa kuɗin tayoyi da birki da robobi da batir a cire daga farashin, a karɓi takardar sayarwa mai ɗauke da lambar shasi da sa hannun mai motar na ainihi, sannan a ɗora ta a kan motar ɗaukar motoci zuwa wurin bakanike maimakon a tuƙa ta da birkin da ba a gwada ba.