Shekara 100 na ƙungiyar rawa ta Martha Graham

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. A ranar 18 ga Afrilu, 1926, wata mata mai suna Martha Graham ta hau dandamali a wani gidan wasa da ke birnin New York na ƙasar Amurka tare da ɗalibanta mata uku, ta gabatar da raye-rayen da ita da kanta ta tsara. Daga wannan rana ce ake lissafin shekarun ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta, wadda ke cika shekara 100 a 2026, kuma babu wata ƙungiyar rawa a Amurka da ta kai ta daɗewa. Shugabanninta sun shimfiɗa bikin a kan zango uku na wasanni tun daga 2023, suka sa masa suna GRAHAM100.

Domin a gane dalilin da ya sa aka ɗauki wannan biki da girma haka, sai an fara duba wata matsala da ta keɓanta da rawa. Marubuci idan ya rasu, littafinsa yana nan a kan kanta yadda ya bar shi, amma rawa ba ta da wurin zama sai jikin mai yin ta. Akwai hanyoyin rubuta motsin jiki da alamomi, akwai kuma bidiyo, sai dai dukansu suna nuna inda hannu ya tsaya ne kawai, ba sa nuna daga ina motsin ya taso a cikin jiki. Wannan sai wanda ya taɓa yi ya tsaya kusa da ɗalibi ya gyara masa, kamar yadda ɗan makaɗi yake ɗaukar kiɗan gado a gindin mahaifinsa.

A salon Graham kuwa, inda motsi ya taso shi ne kan batu. An haife ta a 1894 a jihar Pennsylvania, ta yi karatun rawa a makarantar Denishawn da ke Los Angeles, daga baya ta kama tata hanya. Rawar bale ta Turai, wadda ita ce ake ganin darajarta a lokacin, tana son jiki ya zama kamar ba shi da nauyi, a tsaya a kan yatsun ƙafa, a ɓoye wahala. Graham ta cire takalmi, ta yarda da nauyin jiki, ta gina salonta a kan numfashi: idan mai rawa ya fitar da numfashi sai ya tsuke cikinsa, bayansa ya lanƙwasa kamar wanda aka nausa, idan ya ja numfashi kuma sai ya saki jiki ya miƙe. Ɗalibai suna fara darasi ne a zaune a ƙasa, suna maimaita wannan tsukewa da saki har sai ya zame musu jiki, kafin a bar su su miƙe tsaye.

Ku dubi aikinta na 1930 mai suna Lamentation. Mace ɗaya ce zaune a kan benci, tana cikin wani yadi mai talewa wanda aka ɗinke kamar buhu, ba a ganin komai nata sai fuska da tafin hannu da ƙafafu. Cikin kimanin minti huɗu ba ta barin wurin, sai dai ta tura gwiwa ko gwiwar hannu yadin ya miƙe har ya kusa yagewa, sannan ya dawo ya naɗe ta. Baƙin ciki ne ake nunawa, amma babu labari, babu sunan wanda aka rasa.

Shekara shida bayan haka, gwamnatin 'yan Nazi ta gayyace ta bikin fasaha da aka haɗa da wasannin Olamfik na birnin Berlin a 1936. Ta ƙi zuwa, ta kuma bayyana dalilinta a rubuce: ana gallaza wa masu fasahar da take girmamawa a Jamus, sannan akwai 'yan ƙungiyarta da ba za a yi maraba da su a can ba. Har zuwa 1938 mata ne kaɗai a ƙungiyar, sai Erick Hawkins ya shigo, Merce Cunningham ya biyo baya a 1939. Ta ci gaba da hawa dandamali har ta haura shekara 70, ta tsara raye-raye 181, ta rasu a ranar 1 ga Afrilu, 1991 tana da shekara 96.

A ganina, abin da ya fi cancantar a yi wa biki shi ne abin da ya faru bayan rasuwarta, domin a nan ne ƙungiyar ta kusa rushewa. Graham ta bar dukiyarta ga wani makusancinta, sai aka shiga jayayya a kan wane ne yake da ikon nuna raye-rayenta. A shekarar 2000 rashin kuɗi ya sa aka dakatar da aiki, 'yan rawa suka watse neman abin kai wa bakin salati, aka kuma tafi kotu. A 2002 alƙali ta yanke hukunci cewa mafi yawan ayyukan mallakar cibiyar Martha Graham ne, wato cibiyar da ke tafiyar da ƙungiyar, musamman saboda Graham ta tsara da dama daga cikinsu ne a lokacin da take karɓar albashi daga cibiyar a matsayin ma'aikaciya. Da shari'ar ta ja shekaru masu yawa, da waɗanda suka koyi raye-rayen daga hannunta sun tsufa ko sun bar sana'ar, kuma babu takardar kotun da za ta dawo da abin da ya fita daga jikinsu. Bayan an farfaɗo kuma, a watan Oktoba na 2012 guguwar Sandy ta cika ɗakin ajiyarsu na ƙarƙashin ƙasa da ruwa, ta lalata tufafin wasa da kayan dandamali, ciki har da waɗanda mai sassaƙa Isamu Noguchi ya tsara mata.

Ba kowa ne ya zaɓi wannan gwagwarmaya ba. Merce Cunningham, wanda ya bar Graham ya kafa tasa ƙungiya, ya tsara tun yana raye cewa a rufe ta bayan mutuwarsa. Ya rasu a 2009, 'yan rawarsa suka yi rangadin bankwana na shekara biyu, suka rufe a ranar ƙarshe ta 2011. Akwai hujja a tasa hanyar, domin ƙungiyar da ta rasa mai ita tana iya komawa gidan tarihi, tana maimaita tsohon abu ba tare da ruhinsa ba, kuma wannan suka ce da aka sha yi wa magadan Graham.

Janet Eilber, wadda ta yi rawa a ƙarƙashin Graham kuma take jagorancin ƙungiyar tun 2005, ta amsa sukar da aiki. Takan fito gaban labule kafin wasa ta yi wa 'yan kallo bayanin abin da za su gani da zamanin da aka tsara shi, ta kuma buɗe ƙofa ga masu tsara rawa na yanzu su kawo nasu sabbin ayyuka a jera su da tsofaffin. A ranar 11 ga Satumba, 2007, domin tunawa da harin da aka kai birnin New York a 2001, ta nemi masu tsara rawa uku su kalli tsohon fim ɗin Graham a kan bencin nan, kowa ya tsara tasa gajeriyar rawa a matsayin amsa, cikin ƙayyadadden lokacin atisaye kuma ba tare da kayan ƙawa masu tsada ba. An shirya abin ne domin dare ɗaya, amma karɓuwar da ya samu ta sa aka ci gaba da gayyatar wasu, har ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ƙungiyar ke yawo da su ƙasashen duniya.