Jirgin sama a kan tirela: masu fasahar da suke aiki nesa da manyan birane

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba mu muka zaɓi batun ba. Tun da Yaya Aminu ya tura hoton nan a zaurenmu na WhatsApp, yara zaune cikin jirgin sama suna karatu, saƙonni ba su tsaya ba. Har wata ta ce kwamfuta ce ta haɗa hoton.

Aminu: Wallahi ba haɗi ba ne. Tamale ne, arewacin Gana, wurin mai fasaha Ibrahim Mahama da ake kira Red Clay. Tsofaffin jiragen sama ya saya, waɗanda suka daina tashi, aka kawo su ta mota, ya mayar da su ajin yara.

Kabiru: Tsaya tukuna. Ta mota?

Aminu: A kan tirela. Daga Akra zuwa Tamale kuma tafiyar kilomita ɗari shida ce ko sama da haka.

Kabiru: Ni direban nake tunani. Ka kai kwana, jelar jirgi na can baya. Ya za ka yi?

Zainab: Ai dole a kwance fikafikan, Kabiru.

Kabiru: Ko an kwance, gangar jikin fa? Ka shiga gari da shi, masu babur na bin ka, yara na gudu a gefen titi. Idan an tsayar da kai a shinge aka ce me ka ɗauko, ka ce jirgin sama.

Zainab: A ce maka ina matuƙin!

Kabiru: Ka ce ni ne! Yau ni ne matuƙin jirgi, takardar tuƙin babbar mota gare ni. Kuma ka isa gida ka faɗa wa iyali, ba wanda zai yarda.

Aminu: To ku bari in ƙara muku. Har taragun jirgin ƙasa ya kai can, alhali layin dogo bai taɓa isa arewacin Gana ba. Turawa sun shimfiɗa shi a kudu ne, inda zinariya da koko suke, don kaya su sauka tashar ruwa. Yaron da bai taɓa ganin tarago ba yanzu yana shiga ciki ya taɓa kujerun da hannunsa. Wannan shi ne ya taɓa min zuciya.

Kabiru: Shi ma a kan tirela?

Aminu: Kabiru, don Allah.

Zainab: Bari in yi tambayar da masu saurare suka fi yi. Mutumin da duniya ta san shi, me ya zaunar da shi a Tamale?

Aminu: Ƙanwata, duba kayan aikinsa. Da me aka fara saninsa? Buhunan algarara. Ana saƙa su a Indiya da Bangladash, a shigo da su don zuba koko, daga nan su faɗa hannun masu gawayi da masu hatsi. Buhu ya yi baƙi, ya yage, an yi masa faci, ga sunayen 'yan kasuwa an rubuta a jiki. Sai ya tara mutane su ɗinke su, a lulluɓe gini guda. A 2015 ya rufe dogayen bangaye da su a babban baje kolin fasaha na birnin Venis, a Italiya. Irin wannan buhu ba a sayar da shi a kantin kayan zane na Landan. Sai ka je inda ya sha wahala. Haka a 2024, yadin da ya lulluɓe ginin Barbican da shi a Landan, a filin ƙwallon Tamale aka baje aka ɗinka, ɗaruruwan hannaye.

Zainab: Kamar El Anatsui ke nan.

Aminu: Sak. Ɗan Gana ne, amma tun 1975 ya je koyarwa a jami'ar Nsukka, ya yi shekaru da dama a can, bai tare a Legas ba. Murfin kwalaben barasa yake amfani da su, a buga su su baje, a huda, a ɗaure da wayar jan ƙarfe. Ka tsaya daga nesa ka ce wani ƙasaitaccen mayafi ne na zinariya, ka matso kusa ka ga sunan kamfani a kan kowane murfi. Dubbai ne. Mutum ɗaya ba zai iya ba, samarin garin ne suke zama suna ɗaurawa. Ana gamawa a naɗe shi kamar tabarma a sa a akwati. A 2015 Venis ta ba shi lambar Zakin Zinare ta aikin rayuwa, a 2023 ya cika katafaren zauren Tate Modern, gidan baje kolin fasaha da ke Landan.

Kabiru: Amma Yaya, ina da ja. Mutum biyu ka kawo, duka sun yi suna. Kuma a ina suka yi sunan? Venis, Landan. Mai saye yana can, mai rubutu a jarida yana can. Wanda yake zaune a ƙaramin gari, ba wanda ya taɓa leƙo ɗakin aikinsa fa?

Aminu: Gaskiyarka, ban musa ba.

Kabiru: Fenti mai kyau sai ya yi oda. Aikin da ya gama sai ya biya kuɗin mota, ya yi addu'a kada ya fashe a hanya. Instagram zai nuna hoto, amma ba ya nuna kaurin fenti, ba ya nuna girma. Sannan ga dillali, shi kaɗai ya san nawa aka saya a can.

Zainab: Wannan na dillalai ya faru sosai a Ostireliya. Ina son labarin Emily Kame Kngwarreye ƙwarai. Tsohuwa ce daga 'yan asalin ƙasar, a wani yanki da ake kira Utopia, cikin hamada, sama da kilomita ɗari biyu daga Alice Springs. Sai wajen 1988 ta fara zane a kan kyalle da fenti, tana dab da shekara tamanin. Ta rasu a 1996. A ɗan wannan tsakanin ta yi zane kusan dubu uku. A ƙasa take shimfiɗa kyallen, ta zauna a kai ko a gefe, tana miƙa hannu. Ƙasarta take zanawa, da doyar daji da aka sa mata sunan irinta.

Kabiru: Ikon Allah. Tamanin.

Zainab: Amma a wannan hamadar an yi ta samun masu zuwa su kwashe aikin tsofaffi a arha su kai birni. Har majalisar dattawan ƙasar ta yi bincike, ta fitar da rahoto a 2007. Abin da ya fi kare masu zanen shi ne cibiyoyin da su suka mallaka. Papunya Tula tun 1972 kamfanin masu zanen ne da kansu.

Aminu: To nan nake son zuwa. Ni ba na ganin laifin wanda ya tafi birni, kowa da nauyin da ke kansa. Abin da nake dubawa shi ne, idan kuɗin ya shigo, ina ya sauka? Mahama da kuɗin aikinsa ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale a 2019, Red Clay ta biyo baya, sannan ya sayi wani tsohon rumbun siminti na zamanin Nkrumah da aka yi watsi da shi. Ya tarar jemagu sun cika ciki, ya bar su a wurinsu. Yanzu masu shirya baje koli su ne suke hawa jirgi su zo Tamale. Kuma 'yar makarantar da aka kawo yawon buɗe ido ta ga abin a garinsu, ba a waya ba. Donald Judd, mai fasaha ɗan Amurka, shi ma haka ya bar New York ya koma Marfa, can cikin Texas, saboda…

Zainab: Yaya, ana ɗaga mana hannu, lokaci ya ƙare. Mun ce za mu karanta saƙonni uku, ko ɗaya ba mu taɓa ba.

Aminu: Minti ɗaya kawai, Marfa…

Zainab: Mako mai zuwa, in sha Allahu, da ita za mu fara. Masu zane da kuke nesa da manyan birane, ku turo mana hoton ɗakin aikinku, ku gaya mana yadda kuke aika kaya.

Kabiru: Wanda kuma ya san direban tirelar nan, ya haɗa mu da shi. Da gaske nake.

Zainab: Sai mun sake haɗuwa. A huta lafiya.