Amana Tsakanin Ubangida da Ma'aikaci

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla. Abu uku na zo da su kan amana a wurin aiki.

Na farko, amana daga sama take gangarowa. Sai ka shiga kamfani ka ga an rubuta a bango: gaskiya, riƙon amana, mutunta juna. Amma mai gadin da ya buɗe maka ƙofa wata biyu ke nan bai ga albashi ba. Me kake so ya riƙe maka? Manzon Allah (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, Ibn Majah ya ruwaito. Kafin ya bushe fa, jama'a! Ba sai ya je ofishin akanta yana sunkuyar da kai ba.

Ku dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, Allah ya jiƙansa. Daga fataucin goro a Gwanja ya shiga gyaɗa. Yaransa kan karɓi jari su nausa ƙauyuka saye, babu waya, babu mai bin sawunsu, kuma su dawo da kaya da lissafi. Don me? A al'adar kasuwarmu yaro ya san in ya yi haƙuri ubangida zai yi masa aure, ya ba shi jari, ya yaye shi. Har yau ana yi a Kantin Kwari, masu shago na nan zaune, ku ƙaryata ni. Yaro ya shekara goma yana ɗaga maka bandir ɗin shadda, ka sallame shi hannu rabbana? Haba Alhaji! Sauran yaran suna kallo fa, suna kallo.

Na biyu, wanda ya kawo maka kuskurensa da kansa, kada ka tozarta shi gaban mutane, gobe ɓoyewa zai yi. Na uku... lokaci ya ja, ga hannu can. Bismillah, Hajiya.

(Tambaya: Malam, sa kyamara a shago ba zargin yara ba ne?)

A'a Hajiya, ki sa abinki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan rubuta bashi ta sauka, kin ga ajiye shaida ba zargi ba ne. Sai dai ki gaya musu kin sa. Kuma littafin da yarinyar shago ke rubuta ciniki, in ɗanki ya zo ya zari dubu biyar a aljihun tebur, a nan za a rubuta, a gabanta. Ke ma in kin ɗauka ki sa hannu.