Gora a Lambun Gida: Yadda Za a Hana Ta Tsallaka Iyaka

Hadiza: Assalamu alaikum, masu saurare. Yau zancen gora za mu yi. Malam Bala, mutum ya dasa ta a kusurwa guda don inuwa, ba a jima ba sai ga toho a gidan maƙwabci. Me ke kawo haka?

Malam Bala: Ai gora ciyawa ce, Hadiza, kuma tafiyarta a ƙarƙashin ƙasa take. Tana da wani kara mai gaɓa-gaɓa da ke rarrafe a kwance, daga gaɓoɓin nan sabon toho ke fitowa. Amma iri biyu ce. Akwai mai taruwa wuri guda, kamar Bambusa da Fargesia, wadda kaɗan-kaɗan take faɗi. Akwai kuma mai yawo, irin Phyllostachys, wadda a shekara guda kan yi tafiyar fiye da mita.

Usman: To Malam, ba sai a sare ta da adda ba?

Malam Bala: Saran sama kaɗai ba ya tsayar da ita, Usman. Na ƙasan na nan da ƙarfinsa. Wanda ya zaɓi mai yawo, tun ranar dashe zai yi mata shinge. A haƙa rami kewaye da ita, zurfin santimita 60 zuwa 70, a sa roba mai kauri irin HDPE. A bar kamar santimita 5 a saman ƙasa, kuma a ɗan karkata bakin robar waje, don karan in ya ci karo da ita ya hau sama inda ido zai gan shi.

Hadiza: Mahaɗar robar fa?

Malam Bala: Nan ne wurin da ya fi damuna! Mutane su yi aiki mai kyau, su bar mahaɗa sakaka. Tsinin karan nan yana da ƙarfi, ƙaramar kafa ta ishe shi. A ɗora bakin ɗaya kan ɗaya sosai, a matse da ƙarfe da kusoshi.

Usman: Wanda ba shi da halin roba?

Malam Bala: Ya yi rami mai zurfin santimita 30, ya cika da yashi. Yawancin karan a sama-sama yake bi. Sau biyu a shekara ya tona, ya sa shebur mai kaifi ya datse duk karan da ya shigo ramin, ya zare guntun gaba ɗaya, domin wanda aka bari a ƙasa zai sake tsirowa.

Hadiza: Wadda ta riga ta bazu kuwa?

Malam Bala: A fara raba ta da uwar, a tone abin da za a iya. Sauran, duk tohon da ya leƙo a karya shi tun yana da taushi, kafin ya yi ganye. Sai an jure shekaru ana yi kafin abincin da ta tara a ƙasa ya ƙare. In ta shiga gidan maƙwabci, a je a yi masa bayani, a tona ɓangarorin biyu tare.