Yadda Python ta tura Malam Musa Amurka

To jama'a, ku dubi allon nan da kyau. Na rubuta "malam musa" da ƙananan baƙaƙe, ina so in cire malam ɗin ya rage sunan kawai, sai na kira lstrip, umarnin da ke goge baƙaƙe daga farkon rubutu a Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, na miƙa mata "malam " har da tazarar bayansa. Kun ga abin da ya fito? usa. Musa ya tafi Amurka babu ko biza.

Ba kwamfutar ce ta haukace ba fa. Ita lstrip ba ruwanta da kalma, baƙaƙen da ka ba ta take riƙewa ɗaya-ɗaya, m da a da l da tazara, sai ta fara ci daga hagu, ta cinye malam ta cinye tazara, ta iske m na musa shi ma ai yana cikin jerin ta haɗa da shi, sai da ta yi karo da u sannan ta tsaya. Abin haushin ma in da "malam bello" ka gwada lafiya lau zai fito, ka ce aiki ya yi, sai ranar da Aminu ya shigo ya koma inu.

Mutane sun daɗe suna kai ƙara wai lstrip ta lalace, ana ce musu a'a haka aka gina ta. Mafita a lokacin sai dai ka tambaya da startswith ko rubutun ya fara da kalmar, in e ne ka ƙirga tsawon kalmar ka yanke da hannunka.

A 2020 Dennis Sweeney ya rubuta shawarar da ake kira PEP 616, cewa a ƙara wa Python umarni biyu masu cire kalma sukutum daga farko ko ƙarshen rubutu, da farko ma cutprefix da cutsuffix ya sa musu, aka yi ta ja-in-ja kan suna har aka tsaya a removeprefix da removesuffix, suka shigo cikin Python 3.9 a watan Oktoban shekarar. Ni dai a ganina an makara, Ruby, wani harshen kwamfutar, tun 2017 take da irinsa mai suna delete_prefix.

Bari mu sake gwadawa da removeprefix. Ga musa nan cif. Sau ɗaya take cirewa, in kuma ba ta samu kalmar a farko ba ba za ta yi maka ihu ba, rubutunka za ta dawo maka yadda yake. Nan ne sai ka lura, dubi yanzu da na sa babban M, Malam Musa ya dawo da malam ɗinsa ko gezau.